Kafin Ƙafa Ta Yi Nauyi

A kowane gareji akwai yara biyu. Na san su, kai ma ka san su, wataƙila ma kai ne ɗaya daga cikinsu. Na farko shi ne wanda ake cewa yana da hannu. Sau ɗaya oga zai kwance kabireto a gabansa, kashegari ya kwance ya ɗaure shi kaɗai, yana yi yana fito. Na biyu kuwa sai an nuna masa sau biyar, a na shida ya ɗaure noti a karkace, a daka masa tsawa, ya koma gefe yana wanke sifanu da fetur. Haka abin yake a shagon tela, haka a wurin gini, haka a rumfar masu gyaran waya, har a zauren kitso. Tun yaran ba su san ciwon kansu ba mutane sun gama yanke hukunci: wancan zai zama wani abu, wannan sai dai a bi shi da addu'a.

Da na biyun nake son magana, amma na farkon ma ya matso kusa, don rabin maganar tasa ce. Ta fagen dambe zan bi da ku, saboda a can ba a ɓoye komai. Magini na iya rufe kuskurensa da filasta, tela ya tura nasa cikin kalmasa. Ɗan dambe in ya yi kuskure, a fuskarsa ake karantawa.

Ranar 22 ga Mayu, 1993, a birnin Washington na Amurka, samari biyu suka hau dandali neman kambun duniya na ajin matsakaita nauyi. Ɗaya Roy Jones, mai shekara 24. Ɗaya Bernard Hopkins, mai shekara 28.

Wanda bai taɓa ganin Roy Jones a ƙuruciyarsa ba, ya nemi ɗan'uwa mai data ya nuna masa, don baki ba zai iya kwatantawa ba. Duk abin da ake hana ɗan koyo, shi yake yi. Ana cewa ɗaga hannu ka tsare haɓa, shi nasa hannuwan a ƙugu suke. Ana cewa kada ka yi tsalle da naushi, shi daga nesa yake daka tsalle ya sauke hagu a muƙamuƙin mutum, ya koma inda yake kafin wancan ya gane daga ina abin ya fito. A wasannin Olamfik na 1988 a Koriya ta Kudu, a karon ƙarshe, ya auna wa ɗan ƙasar, Park Si-hun, naushi 86, shi ya sha 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka ɗaga hannun ɗan gida. A gasar dai aka ba Jones kyautar ɗan damben da ya fi kowa iyawa, ka ji rashin ta-ido. A 1996 ya buga wasan ƙwallon kwando da rana, dare na yi ya hau dandali ya kare kambunsa a hannun Eric Lucas. A 2002 ya jingina da igiya, ya maida hannuwansa biyu baya kamar ɗalibin da ake wa faɗa, Glen Kelly ya kawo naushi, ya goce, ya goce, sai ya zaro dama daga bayan nan ya kwantar da shi. A 2003 ya haura har ajin masu nauyi, ya tari John Ruiz wanda ya fi shi da kusan kilo 15, ya karɓe kambu. Rabon da wanda ya taɓa riƙe kambun matsakaita nauyi ya yi haka, an yi shekara 106.

Wannan ita ce baiwa in Allah ya zuba ta bai rage ba, kuma ba ni da bakin raina ta. Kada kuma wani ya ɗauka a kwance ta same shi. Tun yana yaro mahaifinsa ya sa shi gaba da horo mai tsanani. Sai dai duk ginin da ya yi, a kan abu ɗaya ya ɗora shi: idonsa da ƙafarsa sun riga na kowa.

Hopkins fa? A unguwannin talakawa na Filadelfiya ya tashi, cikin daba da ƙwace. Yana da shekara 17 aka yanke masa ɗaurin shekara 18. Ya yi kusan biyar a gidan yarin Graterford, a can ya kama dambe da gaske, ya fito a 1988. Yakan ba da labari cewa ranar da zai fita wani jami'in gidan ya ce masa sai ya dawo, shi kuma ya ce ba za a sake ganinsa ba. Ba a kuwa sake ba. Damben farko da ya yi na neman kuɗi, a watan Oktoban shekarar, kaye ya sha. Ku tsaya ku ji wannan da kyau: tsohon fursuna, ba takarda, ba gata, abu ɗaya da ya dogara da shi a duniya, ranar farko ya kunyata shi. Ya ja jiki ya yi wata 16 bai hau dandali ba, yana aiki a kicin ɗin wani otal, yana zuwa atisaye wurin wani tsohon mai horarwa, Bouie Fisher. Da ya dawo a 1990 ya ci dambe 22 a jere, har zuwa wannan dare na Washington.

Jones ne ya ci, da maki, ba gardama. Daga baya ma ya ce da ciwo a hannun dama ya yi damben. Yaron da ke da hannu ya doke yaron da ke wanke sifanu, kamar yadda kowa ya zata, aka watse.

Abin da Hopkins ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Bai je neman saurin Jones ba, don ba a sayar da shi a kasuwa. Ya koma kan abin da ake koya. Yadda ake dasa ƙafa. Yadda ake soke haɓa a bayan kafaɗa har mai kawo naushi ya rasa ƙofa. Yadda ake auna tazara da hannun gaba, yadda ake matsawa rabin taku maimakon a ruga taku uku, yadda ake jefa dama a shige jikin mutum a rungume shi kafin ya rama. Yana zama ya kalli faifan abokin karawarsa har ya haddace shi: da wane hannu yake cin abinci, in ya gaji me yake yi, in ya fusata wace ƙofa yake bari a buɗe. Ba giya, ba taba, ba shashancin dare. Wasu 'yan dambe in an gama wasa sai su saki jiki su yi teɓa, in an sa ranar wani su shiga wahalar rage ƙiba. Shi kullum a shirye yake, kamar mai gadi.

A 1995 ya ɗauki kambun da ya kuɓuce masa, ya kare shi sau 20 a jere. A watan Satumban 2001, a New York, aka haɗa shi da Felix Trinidad na Puerto Rico, wanda ya yi dambe 40 ba a taɓa cin sa ba, mai wata hagu da in ta sauka sai a nemi ruwa. Kusan kowa Trinidad ya ba, ana cewa Hopkins ya tsufa, shekara 36. Sai ya manna safar damansa a kunci, daidai inda hagun nan ke sauka, ya yi ta zagaya shi yana tsinka masa naushi. Makamin mutum ɗaya ne, an kuma toshe shi. A turmi na 12 Trinidad ya faɗi, mahaifinsa, wanda shi ne mai horar da shi, ya shigo dandali ya tsayar da wasan.

Shekara uku bayan haka yau da gobe ta ƙwanƙwasa ƙofar Roy Jones. Ya sauko daga ajin masu nauyi, ya zubar da kilo kusan takwas, shekarunsa sun kai 35. A watan Mayun 2004 Antonio Tarver ya sauke masa hagu ɗaya a turmi na biyu, ya kife. A watan Satumba Glen Johnson ya kwantar da shi a turmi na tara, ya daɗe a ƙasa bai motsa ba. Jones bai manta dambe ba. Idon yana ganin naushin yana tahowa kamar da, kan ne ya makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba. Da a ce hannun yana sama inda ake koya wa yara su ajiye shi, da safar ta tare. Amma shekara ashirin hannun yana ƙugu, don bai taɓa buƙatar ɗaga shi ba. Ranar da ya buƙata, babu.

Tarver ɗin nan da ya kifar da Jones, a 2006 Hopkins ya haura aji biyu ya same shi, yana da shekara 41, ya yi masa turmi 12 kamar malami da ɗalibi. A 2008, yana 43, ya yi wa Kelly Pavlik mai shekara 26 irin wannan karatu. A 2010 aka sake haɗa shi da Jones a Las Vegas, shekara 17 bayan karon farko. Gaskiya damben bai yi daɗin kallo ba, dattawa biyu ne suna ture-ture, amma hannun Hopkins aka ɗaga, da tazara mai yawa. A 2011 a Kanada ya karɓe kambu daga Jean Pascal yana da shekara 46, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa cin babban kambun duniya. Kafin a shiga turmi na bakwai ma sai ya kwanta a dandali yana motsa jiki, yana dannawa yana ɗagowa, don yaron ya gani ya karaya. Ya sake cin wani kambun yana 48, ya ƙara wani yana 49.

Ba waliyyi nake kwatanta muku ba. Hopkins ya iya mugunta: ya sa kai, ya riƙe hannu ta ɓangaren da alƙalin wasa ba ya gani, ya ɓata lokaci. 'Yan kallo da yawa sun tsani salonsa. Kuma in ka tambaye ni wa zai ci in aka ɗauko kowannensu a ranar da ya fi kowace rana ƙarfi, zan ce Jones, ban ko yi dogon tunani ba. Amma mu ma'aikata ba ranar ƙarfi ɗaya muke nema ba. Shekara arba'in muke nema ta ciyar da gida. Mai neman shekara arba'in ya san wanda zai kalla a cikin mutanen nan biyu.

Akwai wanda ya yi rayuwar biyu a jiki ɗaya, shi ne Muhammad Ali, kuma shi ya sa har yau in ana lissafin manya da shi ake farawa. Ali na farko ɗan'uwan Jones ne: hannu a ƙasa, rawa a kan yatsun ƙafa, ba mai taɓa shi. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe shekara uku da rabi, tsakiyar ƙarfinsa cur. Da ya dawo a 1970, ƙafar ba ta dawo duka ba. Ranar 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya tsaya gaban George Foreman mai shekara 25, wanda ya yi dambe 40 ya ci 40, 37 daga ciki ba a kai ƙarshe ba. Foreman ɗin da ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu. Ali na da shekara 32, har masoyansa na jin tsoron kada a illata shi. Ya gwada rawar a turmin farko, ya gane ba za ta kai shi ba, nan take ya sake shawara. Ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar saurayi yana ta jibgar hannuwa da haƙarƙari, yana danne masa wuya, yana raɗa masa baƙar magana a kunne, yana tsinka masa dama a fuska duk sanda ya sami ƙofa. A turmi na takwas man Foreman ya ƙare, Ali ya fito daga igiya ya sauke shi.

Foreman ma ya koyi karatun, ko da yake ya ɗau lokaci. Ya bar dambe shekara goma, ya dawo da teɓa da sanƙo ana yi masa dariya, ya daina ɓarnar ƙarfi, ya koyi haƙuri, a 1994 yana da shekara 45 ya kwantar da Michael Moorer a turmi na goma ya karɓi kambun da ya rasa shekara 20 baya.

Kada ku ce wannan labarin mutanen Amurka ne. Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, tsofaffin kwalabe yake sayarwa a kasuwar Aba. Ya tafi Ingila a 1955 da ƙarfi kamar na sa, aka ci shi a dambe huɗu na farko da ya yi a can, don ƙarfin bai san ƙa'idar wurin ba. Yana aikin masana'anta da rana, yana gyara dambensa da yamma. A 1962 ya karɓi kambun duniya daga Gene Fullmer, a watan Agustan 1963 ya kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, a gaban 'yan ƙasarsa. Na baya-bayan nan kuwa kun gani da idonku: Anthony Joshua, ƙirar jiki kamar an sassaƙa, sau biyu Oleksandr Usyk na Yukren, wanda bai kai shi tsawo ko nauyi ba, yana cin sa da ƙafa da lissafi, a Landan a 2021, a Jidda a 2022.

Mu da muka gaji dambe daga rundawa ma ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Je gidan dambe, ko na Kano ko na Dei-Dei, ka zauna kusa da tsofaffin hannu. Yara na kallon damtse da ƙirji, suna ihu in kalangu ya ɗauka. Tsoho kuwa ƙafa yake kallo, da hannun da ba a naɗe ba, wanda ake auna tazara da shi ana tare kai. Tun ba a kai naushi ba zai gaya maka wanda zai sha ƙasa. Sau nawa aka ga ƙato ya shigo yana huci, siririn bahago ya bar shi ya kawo, ya goce, ya kashe shi a turmin farko? Ƙarti masu damtse an yi su ba adadi a ƙasar Hausa, kaka ta zo ta wuce da su. Waɗanda sunansu ya zauna, irin Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, sun zauna ne don sun daɗe a fage ana kawo musu samari suna mayarwa, kuma ba a daɗewa a fage da damtse kaɗai.

To, ɗan'uwana mai hannu, kai da ake yabo, ga taka. Abin da Allah ya ba ka jari ne, kuma jarin yana da ranar tafiya. Ɗan dakon da ke ɗaukar buhu biyu yana gudu a Dawanau, bayan nan nasa ba zai yi shekara talatin yana haka ba. Telar da ke zura zare a allura da magariba ba fitila, akwai ranar da za ta nemi jika ya zura mata. Leburan da ke jefa bulo hawa na biyu, kafaɗa na lissafi ko shi ba ya yi. Tun jarin na hannu, a sayi abin da ba ya tsufa da shi. Kana ɗaukar kwanon siminti, idonka na kan birkila: me ya sa ya ja igiya nan, yaya yake duba lebur, siminti buhu ɗaya yashi nawa yake ci a tubali, nawa a filasta. Kana dako, ka san hatsi: wanne ya bushe, wanne aka jiƙa don ya yi nauyi, wane wata farashi ke faɗuwa. Kana yaron mota, ka san hanya, ka san inji, ka san takardu. Abin da ya fi cutar mai hannu shi ne aikin na zo masa da sauƙi, sai ya tsallake awo, ya yanka yadi da ido, ya ɗaure inji ba tare da ya san dalilin da ya sa ya tashi ba. Ana tafa masa, hannunsa na ƙugu. Ɗaga hannunka tun ana tafawa.

Kai kuma da ake nuna wa sau biyar, ɗago kanka. Wanda ya gane abu a karo na farko, sau da yawa bai san yadda aka yi ya gane ba, shi ya sa in abin ya ƙi ba ya sanin inda zai nema, in aka ba shi yaro ba ya iya koya masa. Kai da ka ɓata sau biyar, ka san hanyoyi biyar da abin ke lalacewa, kuma gyara ai sanin hanyoyin lalacewa ne. Motar da ta gagari kowa, rigar da wani tela ya kashe, ginin da ya tsage, duk wurin irinka suke ƙarewa in ka daure. Hopkins ya sha kaye a ranarsa ta farko, Dick Tiger ya sha huɗu a jere. Da a nan suka tsaya, da ɗaya ya ƙare a kicin, ɗaya a masana'anta, ba wanda zai zarge su, ba kuma wanda zai san sunansu. Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Taka ranar ce kake sha yanzu, a gindin motar nan, da baƙin mai har gwiwar hannu.

Wani abu kuma da 'yan dambe suka sani, mu muka raina. Rabin iyawa tsare kai ne. Hopkins ya yi shekara 28 yana dambe, ba wanda ya taɓa tsayar da shi kafin ƙarshen wasa sai a karonsa na ƙarshe, a 2016, yana da shekara 51, lokacin da Joe Smith ya naushe shi har ya faɗo waje ta tsakanin igiyoyi. Har shi yau da gobe ba ta bari ba, sai dai ta same shi da hankalinsa da dukiyarsa. Ali kuwa, dabarar jingina da igiya ta ci masa Kinshasa, amma dukan da ya yi ta sha a shekarun bayan nan ba abin sha'awa ba ne, kuma ya kamata a ce ya sauka tun kafin lokacin da ya sauka. Don haka in na ce ku daure, ban ce ku miƙa jiki a yi ta duka ba. Mai walda da ke runtse ido maimakon ya sa gilashi, ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi, ba jarumta yake yi ba, idon da zai ci abinci da shi yana da shekara sittin yake ƙonawa. Mai fentin mota da ke shaƙa ba takunkumi, mai nika da ke kwana cikin ƙura, mai hawa sama ba igiya, direban da ke haɗiyar ƙwaya don ya kai Legas bai runtsa ba, duk hannunsu na ƙugu. Gwani shi ne wanda ya gama aiki ya koma gida da yatsunsa goma.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu da kuka ba hamsin baya, waɗanda gwiwa ta fara ƙara in za a tashi daga sallah, na san abin da ke cin ku. Yara sun fi ku sauri, mai kwangila na kallon furfurarku kafin ya kalli aikinku. Ƙasar ma tana sauyawa a ƙarƙashin ƙafa. Motocin yanzu ba kabireto, kwamfuta ce a cikinsu, sai an jona na'ura ta faɗi ciwon. Janareto na ja baya, sola na shigowa. A 2013 aka wayi gari an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, dubban magidanta suka tashi ba sana'a, wasu suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka koyi wani abin daban. Irin daren Kinshasa ke nan: rawar da ka saba ba za ta kai ka ba, ga ƙato a gabanka. Ali bai zauna yana kukan ƙafarsa ta da ba. Ya duba abin da ya rage masa, ya ga ya fi yaron sanin dambe, da wannan ya yi aiki. Bakaniken da ya shekara talatin yana jin kukan inji, in ya sauke girman kai ya koyi na'urar nan, ko a hannun ɗan cikinsa ne, ba yaron da zai kama ƙafarsa, domin na'ura lamba take bayarwa, shi kuwa ya san mota. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

Ku buɗe shi mana. Wannan ƙorafi ne nake da shi a kan wasu iyayen gida, kuma zan faɗa. Na taɓa zama a wani gareji ina jiran mota, na ga oga ya zo daidai wurin da sirrin aikin yake, sai ya aiki yaron sayen ruwa. Yaron na dawowa an ɗaure. Shekara nawa zai yi a haka? Tsoron kada yaro ya iya ya ƙwace kwastoma ya sa ilimi da yawa ya bi masu shi kabari. Ba a taɓa jin ɗan damben da ya yi girma shi kaɗai ba. Ali na da Angelo Dundee a kusurwarsa, Hopkins na da Bouie Fisher, kuma duk inda aka ambaci yaran sai an ambaci tsofaffin. Yaron da ka koya wa tsakani da Allah, in ya buɗe nasa wurin, sunanka ne ya yi reshe, kuma ranar da hannunka ya fara rawa shi zai riƙe maka sifana.

Kai kuma yaro, kada ka jira a kira ka. Gobe ka riga kowa zuwa, ka share wurin, ka jera kayan aiki yadda oga ke so. In an kawo motar da ke wani kuka, ka ga ya ɗauki dogon sukundireba ya dasa bakinsa a jikin inji ya kara ƙotar a kunne ya lumshe ido, matsa kusa. Ka bari ya gama, sannan ka ce, "Oga, don Allah me ka ji?" Zai yiwu ya harare ka, zai yiwu ya aike ka sayen ruwa. Je ka sayo, da gudu, ka dawo kafin a ɗaure. Jibi ka sake tambaya.